Wa Ya Faɗa, Yaushe Ya Faɗa? Majinyacin Kabo da Shafukan Lafiya na Intanet



Sharhinmu na yau wata 'yar takarda ce ta jawo shi, takardar da faɗinta bai wuce tafin hannu ba, wadda wani saurayi, ɗan maƙwabcina, ya shigo da ita zaurena bayan sallar lisha, saura mako uku a ɗaura masa aure. Yaron nan a gabana ya tashi, kuma tun yana ƙarami in ya tarar da ni ina cin tuwo ba ya jiran tayi na biyu. Amma a daren nan, da na tura masa kwano, sai ya ja jikinsa can bakin ƙofa, ya durƙusa, ya naɗe hannuwansa cikin riga. Na ce, “Ɗana, lafiya?” Ya ce, “Baba, kada in sa maka hannu a abinci. An gwada ni, an ce ina da ciwon hanta, kuma na ji ko gumina ya taɓa mutum ya ɗauka.” Sa'an nan ya miƙo mini takardar da yatsu biyu, kamar mai miƙa garwashi.

Kun dai sani, tun shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta wa ango da amarya gwajin jini kafin ɗaurin aure, a duba halittar jininsu saboda sikila, a duba ƙanjamau, a duba ciwon hanta. Doka ce mai maslaha, ba ni da ja a kanta. Sai dai gwaji abu ne guda, bayanin abin da gwajin ya nuna kuma wani abu ne daban. Ma'aikacin da ya ba yaron nan sakamakonsa yana da layin mutane har waje, abin da ya samu damar faɗa masa bai wuce “ka je ka ga likita” ba. To, mutumin da aka danƙa wa irin wannan takarda, ga magariba ta kawo jiki, ga likita sai wani makon, ga shi nauyin maganar ya hana shi tunkarar mahaifinsa, balle gidan surukai, wa zai tambaya? Sai ya tambayi abin da ke cikin aljihunsa.

Ya matso da wayar, gilashinta duk ya tsattsage, ya nuna mini abin da ta amsa masa. Da fari ya kwafi haruffan da ke kan takardar kamar yadda suke, sai ga shafi na Turanci, dogo, da hoton hanta wadda ta ƙanƙance ta yi ƙuraje. Turancinsa na wanda ya gama sakandare ne, cikin kalma biyar yana kama ɗaya, kuma abin tausayi, kalmomin da ya kama su ne masu firgitarwa: sankara, mutuwa, babu waraka. Da zuciyarsa ta tsinke sai ya sake tambaya da Hausa, ya rubuta “maganin ciwon hanta”. Nan take sai ga bidiyon wani mutum cikin farar riga, kwalabe jere a bayansa, ya buɗe da basmala da salati, yana magana da Hausa mai daɗi, a tsanake, kamar wanda ya san ciwon yaron tun daga tushe, yana alkawarin zai wanke hanta tas cikin kwana ashirin da ɗaya. A ƙasa ga lambar waya, ga lambar asusu. Kafin ya zo wurina har ya riga ya tura wani kaso na kuɗin da ya tara domin cikon lefe.

Bari in tsaya nan in faɗi abin da ya kamata a ce an gaya wa wannan yaro tun da rana, domin na tabbata cikin masu saurarona akwai mai irin takardarsa a ƙarƙashin matashi. Ciwon hanta nau'in B ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ko ta musafaha, ko ta gumi, ko ta tari. Hanyarsa jini ce da ruwan jiki: daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, da aska ko reza ko allura ko abin yankan farce da aka yi tarayya a kai ba tare da an tsarkake shi ba, da kuma saduwar aure. Gwajin farko yana nuna cewa ƙwayar cutar tana jiki ne kawai, bai nuna ko ta taɓa hanta ba. Wannan sai an sake wasu gwaje-gwajen jini, an ɗauki hoton ciki. Mutane da yawa suna rayuwa da ita har tsufa, abin da ke kansu shi ne zuwa awo lokaci-lokaci. Wasu kuma likita kan ɗora su a kan ƙwaya ɗaya kullum, wadda ke danne cutar ta kare hanta, ko da yake har yau ba a sami maganin da ke tumɓuke ta gaba ɗaya ba in ta riga ta zauna. Akwai kuma rigakafi, allura uku cikin wata shida ga babba, wanda amarya za ta yi in an gwada ta ba ta da shi. Jariri kuwa a yi masa cikin sa'a ashirin da huɗu da haihuwa, kuma tun 2004 wannan allura tana cikin rigakafin yara na ƙasar nan. Sa'an nan ga wani sirri da ya kamata kowa ya riƙe: mafi yawan manyan da suka kamu da cutar sabuwa, jikinsu da kansa yake korar ta cikin watanni shida, da ikon Allah, ko sun sha wani abu ko ba su sha ba. Daga cikin irin waɗannan ne mai kwalabe yake samun masu yi masa shaida.

Duk wannan bayani yana nan a rubuce, kyauta, a shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a 1948. Amma harsunan aikinta shida ne, Larabci da Turanci da Faransanci da Sifaniyanci da Rashanci da Sinanci, kuma Hausa, duk da miliyoyin masu magana da ita daga Kano har Sudan, ba ta ciki. Ashe ke nan mai gaskiya ya yi wa yaron magana da harshen da ba ya ji sosai, mai neman kuɗinsa kuwa ya yi masa da harshen da ya sha a nono. Wannan shi ne jigon abin da ke damuna.

Wanda bai saba ba yakan ɗauka intanet bakin mutum ɗaya ne, har ka ji ana cewa “ai waya ce ta faɗa”. Alhali kuwa ta fi kama da kasuwar Kurmi, inda layin masu littattafai daban, na masu turare daban, na 'yan koli daban, kuma baƙon da bai san lungunan ba, duk wanda ya fara riƙe masa hannu shi zai bi. Akwai layin hukuma. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, tana fitar da rahotanni a kai a kai game da zazzaɓin Lasa, da amai da gudawa, da sanƙarau, da mashaƙo, tana kuma da lambar kira kyauta, 6232. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, a rahotannin cibiyar nan ne mai neman sahihin adadi yake samunsa. Sai dai adadi abincin ma'aikaci ne da ɗan jarida. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi, wuyansa ya kumbura, wani farin abu ya shimfiɗu a maƙogwaronsa, abin da take bukata a gaya mata shi ne ta goya shi ta nufi asibiti yanzu, kada ta jira wayewar gari, kada kuma ta kai shi a cire masa beli. Ita ma NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sa jerin magungunan da ta yi wa rajista a intanet, a wani kundi da take kira Greenbook, kuma tun 2010 akwai tsarin nan na kankare bayan kwalin wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, a tura lambar ta saƙon waya a ji ko na ainihi ne. Wannan aiki ne mai amfani ƙwarai, kuma kaɗan ne daga cikinmu suke yin sa. Amma a lura da kyau: lambar da hukumar take ba mafi yawan magungunan gargajiya shaida ce cewa an duba ba a ga cutarwa a gwajin farko ba, ba ta zama shaidar cewa suna warkar da duk abin da aka lissafa a jikin kwalba ba.

Akwai kuma layin da aka gina musamman domin majinyaci, kamar MedlinePlus, wanda babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya buɗe a 1998, da shafin hukumar kiwon lafiya ta Ingila. Waɗannan babu talla a cikinsu, an sauƙaƙa lafazinsu, kuma a ƙarƙashin kowane bayani za ka ga ranar da aka sake duba shi. Na yarda da amanarsu. Illa dai an rubuta su ne domin mutumin wata ƙasa, mai wani yanayi da wasu cututtuka. Can, in yaro ya yi zazzaɓi, sau da yawa shawarar ita ce a ba shi ruwa a lura da shi a gida. A Kabo kuwa, cikin watan Agusta, sauro ya cika gari, yaro mai zazzaɓi gwajin jini yake bukata a ranar, domin zazzaɓin cizon sauro yana iya kai ƙaramin yaro ga jijjiga cikin kwana ɗaya ko biyu. Fatawar da aka bayar domin wani gari, ba a ɗaukar ta a aza wa wani garin sai an dubi al'adarsa da halinsa. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan.

Layin likitoci kuwa, irin su PubMed, inda ake tara miliyoyin rahotannin bincike, ba domin majinyaci aka yi shi ba, kuma wanda ya faɗa ciki ba da jagora ba ya yi kama da ɗalibin da bai sauke Ahalari ba aka miƙa masa Muhtasar: zai karanta haruffa, zai kuma fito da hukuncin da marubucin bai nufa ba. Sai kafofin labarai na Hausa, BBC da ta fara sashenta a 1957, da Muryar Amurka, da Jamus, da Faransa, da jaridu irin su Aminiya, waɗanda sukan gayyato likita ya yi bayani da harshenmu. Allah ya saka musu, su ne suka fi kusa da mu. Amma aikinsu labari ne, yana bin abin da ke tashe a makon, ba kundi ba ne da majinyaci zai buɗe ya nemo ciwonsa a ranar da ya same shi.

Layin da ya fi kowanne faɗi da haske da amo, shi ne na masu sayarwa. Mun san su tun kafin zuwan wayar hannu a 2001: mota a bakin kasuwa, lasifika a kanta, ana lissafa basir da sanyi da shawara da daji da rashin haihuwa, duk a kwalba ɗaya. A da, mutum mai kunya yakan wuce motar nan da sauri, don kada a gan shi a tsaye. Yanzu motar ta shiga ɗaki, ta shiga har bayan labule, ta sami matar da ke fama da wani ciwo na mata da ba ta iya faɗa wa ko mijinta, ta sami magidancin da ke ɓoye wata lalura shekara da shekaru, ta yi musu magana ba wanda ke ji. Sirrin nan da waya ke bayarwa ni'ima ce babba ga mai kunya, da a ce mai gaskiya ne ke ɗaya gefen. Kada a fahimce ni a karkace: ban zo rushe maganin gargajiya ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu yau a asibiti daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma tsiron nan sai da aka auna shi, aka gwada, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa, sa'an nan aka ba duniya. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ɗauki sunan Allah da sunan Manzonsa, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi jinka da su a kan kwalbar da shi kansa bai san abin da za ta yi wa hantar mai ciwon hanta ba, har ya ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye ƙwayar asibiti. Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba cewa wanda ya shiga aikin magani ba da sani ba, ya jawo ɓarna, lamuni yana wuyansa.

Wanda ya manta ƙarfin labari marar asali, ya tuna daren Jumma'a, 8 ga Agusta, 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas. Da yawa daga cikinmu waya ce ta tashe mu kafin asuba, ɗan'uwa na kiran ɗan'uwa, a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Duk wanda ya kira, ƙauna ce ta sa shi kira. Kafin gari ya waye saƙon ya game ƙasa, aka kwantar da mutane a asibitoci, aƙalla mutum biyu suka rasu, alhali cutar ba ta ko iso Arewa ba. Ba a sami wanda ya tsaya ya ce, “Daga wa ka ji?” ba.

Wannan tambaya kuwa gadonmu ce, ba sai mun aro ta ba. Al'ummar da ta san ilmin hadisi bai kamata ta zama abin yaudarar saƙon waya ba. Magabata ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun san adalcin mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, sun san ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, sa'an nan su ce wannan sahihi ne, wannan da'ifi ne, wannan kuwa maudu'i ne, ƙirƙirarsa aka yi. Ba na daidaita maganar likita da maganar Annabi, Allah ya tsare. Ma'aunin nake so mu ara, tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. In bayani ya zo maka a waya, nemi sunan mai maganar, da inda ya yi karatu, da asibitin da za a same shi in abu ya ɓaci, domin likitan gaskiya yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, ba ya kuma ɓoye sunansa. Nemi kwanan wata, domin ilmin magani ma yana da nasihi da mansuhi: kulorokwin da iyayenmu suka sani shi ne maganin zazzaɓi na farko a ƙasar nan, har zuwa 2005 da hukuma ta sauya shi saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, amma tsofaffin shafuka suna nan suna yabonsa. Sa'an nan dubi ƙarshen maganar: in ta ƙare da lambar asusu, to, shaidar mai jawo wa kansa amfani ce, wadda alƙali ba ya karɓa. Turawa ma sun gane haka. A birnin Janeba aka kafa wata ƙungiya da ta riƙa ba shafukan lafiya hatimi tun daga 1996, bisa sharaɗin su bayyana marubuci, da kwanan wata, da mai ba su kuɗi, su kuma raba talla da bayani; a ƙarshen 2022 ta daina aikin. Yau babu mai hatimi a ƙofar kasuwar nan, tantancewa ta dawo kan mai karatu.

Wani zai ce ai akwai injin fassara, tun 2013 Google ya sa Hausa a cikin nasa, ga kuma sababbin injunan da kake tambaya su amsa maka kamar mutum. Suna taimako, ban musa ba. Amma kalmominmu na ciwo suna da zurfin da inji bai gama kamawa ba. Shawara a bakin Bahaushe tana nufin nasiha, tana kuma nufin ciwon da ke sa ido ya yi ɗorawa, shi kansa kuwa alama ce ta cututtuka da yawa, na jariri daban, na mai sikila daban, na mai ciwon hanta daban. Sankara da sanƙarau, a wayar da ba ta da ƙa mai lanƙwasa, harafi ɗaya ne ya raba su, alhali ɗaya ciwon daji ne, ɗayan kuwa annoba ce ta lokacin zafi da ke kashewa cikin kwana ɗaya. Sanyi kuwa, Allah kaɗai ya san yawan cututtukan da muka tara a ƙarƙashinsa. Wannan aiki ne na mutum mai harshe biyu da ilmi biyu.

Akwai kuma wata bukata da ta fi duk waɗannan sauƙi, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Bara na raka gwaggona, tsohuwa mai yanar ido, zuwa wani babban asibiti a birni. Mun tashi bayan asuba, muka bi ta Rimin Gado da Janguza, muka sauka a Kabuga, muka ɗauki adaidaita sahu, tana riƙe da gefen rigata domin ba ta ganin gabanta sosai. Muka yi layin kati har hantsi ya dubi ludayi, sa'an nan aka ce mana masu duba irin idonta ba ranar suke zama ba, mu dawo wani makon. Ta zauna a kan benci, ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga abin da ya rage, ta ce, “Ɗan nan, wannan kuɗin wake ne na sayar, na dawowar kuma me zan sayar?” Da na koma gida na nemi shafin asibitin, na tarar da hoton gini, da jawabin shugaba, da tarihin kafuwa, amma ban ga ranakun da kowane sashe ke ganin marasa lafiya ba, ban ga kuɗin kati ba, ban ga ko ana bukatar takardar turawa daga ƙaramin asibiti ba. Layi biyar da Hausa da sun tsare wa tsohuwar nan kwanon wakenta. Majinyacin karkara, kafin ya nemi sanin sunan ƙwayar cuta, yana son ya san ina za shi, wace rana, da nawa a hannu, da azumi ko ba azumi.

Saboda haka ni ban ɗora laifin a kan yaron da ya tura kuɗin lefensa ba, ban kuma tsaya ga mai kwalabe kaɗai ba. Kaso mai tsoka yana kan waɗanda Allah ya ba ilmin, suka bar fagen Hausa babu kowa. Ilmin likitanci farillar kifaya ne, kuma a fahimtata isar da shi ga jama'a da harshen da suke ji yana cikin cikar farillar. Muna da abin koyi a gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya wallafa risaloli a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, kuma da Baturen nan Kilafaton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abin da ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Bai ɗauki neman ilmin lafiya daga nesa abin kunya ba. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa, da ta ga matan ƙauye ba su iya zuwa zauren karatu, sai ta zuba ilmi cikin Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis, suka ɗauke shi da baki zuwa gidaje, abin da aka sani da 'yan taru. Ita ba ta da waya. Mu muna da abin da zai kai muryar likita mace cikin kowane ɗaki a Kabo a daƙiƙa ɗaya, mun bar shi ga masu talla.

Kirana na farko ga Jami'ar Bayero ne, wadda sabon mazauninta yake kan hanyarmu ta Gwarzo, muna wuce ƙofarta kullum. Tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya, wadda ta ba mu Ƙamusun Hausa a 2006, tana kuma da kwalejin likitanci da ke haɗe da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A haɗa malaman harshe da likitoci a ɗaki ɗaya, su fara da cututtukan da suka fi kai mu asibiti, zazzaɓin cizon sauro, da hawan jini, da ciwon suga, da sikila, da ciwon hanta, da tarin fuka, da matsalolin ciki da haihuwa. Kowanne a yi masa bayani gajere da Hausar kasuwa, a rubuce da boko da ajami, a kuma ɗauke shi da murya saboda wanda ba ya karatu, marar nauyi yadda ba zai cinye data ba, da sunan likitan da ya duba da kwanan wata a ƙasa. Ma'aikatar Lafiya ta Jiha kuma ta umarci kowane asibitinta, daga na Murtala har na Gwarzo, ya bayyana ranakun sassansa da kuɗin katinsa da Hausa, a shafi da kuma jikin bango. Duk inda ake gwajin aure, kada a miƙa wa saurayi ko budurwa sakamako sai da bayaninsa. Limamanmu da masu unguwanni, ku ne mutane suka fi amincewa da ku. In sahihin bayani ya fito, ta hannunku zai fi saurin shiga gida.

Shi yaron nan, washegari na kai shi wurin wani likita da na sani. Aka yi masa sauran gwaje-gwaje, aka tarar hantarsa lafiya lau, aka ce ya riƙa zuwa awo. Aka gwada yarinyar, ba ta da cutar, ta fara allurar rigakafi, iyaye suka zauna suka ɗaga biki har ta kammala. Kuɗin da ya tura dai ba su dawo ba, lambar ma ta daina shiga. A daren da muka dawo ya zauna muka ci tuwo kwano ɗaya.

Kai kuma mai saurarona da ke riƙe da irin wannan takarda, ko ke da kike ɓoye wani ciwo saboda kunya, ku karanta abin da za ku karanta a waya domin ku san abin da za ku tambaya, amma kada ku tura wa kowa ko kwabo, kada kuma ku ajiye maganin da aka ɗora ku a kai, sai kun zauna gaba da gaba da ma'aikacin lafiya mai suna da wurin zama. In kuwa mai ciki ce ke zubar da jini, ko yaro ke jijjiga, ko numfashi ya sarƙe, a ajiye waya a nemi mota. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.